Na'urar da Ban Taɓa Gani Ba

An ce tana can bayan teku,
rataye a ɗaki, zinariya da wayoyi,
cikin sanyin da ya wuce na ƙanƙara nesa ba kusa ba.
Ni kuwa ina Mabera, tsakiyar bazara,
na jiƙa buhu na shimfiɗa ƙarƙashin kwamfutata
kada zafi ya sumar da ita kafin ta gama lissafi.

Wata tara ina rubuta mata umarni.
In aika, in shiga layi kamar mai jiran kati a asibiti,
gabana mutanen da ban san harshensu ba.
Da asuba amsa ta iso,
wani lokaci daidai, galibi shirme,
in sake zama.

Baba gyaran rediyo yake yi a Tsohuwar Kasuwa.
Shekara talatin duniyarsa biyu ce:
ko wuta ta wuce, ko ba ta wuce ba.
Na ce masa, Baba, akwai abin da ake kira kubit.
Ka tuna kwabon da kake murza mana kan tire muna yara?
Yana cikin juyi, wace fuska ce a sama?
Ya ce, sai ya faɗi a sani.
Na ce, to aikina shi ne kafin ya faɗi.
Ya daɗe yana hura ƙarfen dalma,
sannan ya ce, Allah shi kyauta.

Zaman farko na faɗi.
Maki huɗu kacal suka rage.
Kuɗin buhun albasa uku na Inna Tumba
suka bi ruwa ina kallo.
Kwana biyu ban buɗe littafi ba.
Na je gadar Rima na tsaya ina jifa da tsakuwa,
biyu biyu,
ina ganin inda zoben ruwa ya haɗu da ɗan'uwansa:
nan su tashi, can su kashe juna, ruwa ya kwanta lumui.
Abin da na kasa a tambaya ta goma sha bakwai ke nan.
Kogi ya sani tun kafin a haife ni.

Zama na biyu, ranar Talata.
An ɗauke wuta tun hantsi.
Ɗan'ige mai cajin waya ya jawo min waya ta kan katanga,
ya rufe shago, ya zauna gadin janareta
da galan ɗin mai tsakanin ƙafafunsa.
Idon kyamara a kaina, ba waiwaye, ba magana.
Akuyar maƙwabta ta yi kuka,
na roƙi Allah kada mai tsaron can ya ɗauka satar amsa ce.
Gumi yana ɗiga daga haɓata zuwa kan madannai.
Minti casa'in.
Na danna na ƙarshe da yatsa mai rawa.

Kwabon ya faɗi.

Ba guɗa, ba taro.
Takardar ta shigo wayata ana kiran la'asar,
da sunana, Nasiba Bagudu, harafi ɗaya a karkace.
Na kai Ƙofar Atiku aka buga, aka liƙa mata leda.
Inna Tumba ta riƙe ta a kife, ta shafa, ta ce ta yi santsi.

Baba ya goge hannu a riga kafin ya karɓa.
Ya ce, ɗiyata, mi takardag ga ka gyarawa?
Na ce, har yanzu ba a gama sani ba, Baba,
ita kanta na'urar rarrafe take yi.
Ya gyaɗa kai kamar wanda aka kawo wa tsohuwar rediyo
mai kama tasha biyu lokaci guda.
Ya rataye ta a ƙusa, sama da akwatin batura.

Da dare na sake jiƙa buhun.
Akwai mutum ɗari da shida a gabana a layi.